Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Kansilolin Ƙaramar Hukumarmu: A Buɗe Ɗakin Majalisa

Masu girma zaɓaɓɓun kansiloli,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya tare da iyalanku, ina taya ku murnar rantsuwar kama aiki da kuka yi. Allah Ya taya ku riƙo, Ya sa ku gama lafiya, ku sauka da mutuncinku.

Ni tsohon malamin firamare ne. Shekara 35 na yi ina riƙe da alli kafin na ajiye aiki ina hedimasta, kuma uku daga cikinku sun zauna a gabana a kan benci, ɗaya ma ni na kama hannunsa ya fara rubuta baƙi da wasali. Don haka idan kuka ji na ce "'ya'yana" a cikin takardar nan, ku ɗauka ƙauna ce ta kawo haka. Girman kujerarku yana nan, ban rage masa komai ba. Na so in bi ku ɗaya bayan ɗaya mu yi maganar nan a zaure, har na fara da mutum biyu. Sai na ga abin ya fi ƙarfin zaure, domin rabin maganar taku ce, rabin kuma tamu ce, mu da muka yi layi cikin rana muka dangwala muku. Shi ya sa na rubuta a fili kowa ya gani.

Bari in fara da abin da ya tayar da ni.

Tsakanin unguwarmu da makarantar firamare akwai wani kwari. Da rani yashi ne kawai, yara har ƙwallo suke bugawa a ciki. Da damina kuwa, musamman idan Agusta ya kama, ruwan unguwanni uku ta nan yake bi. Kwalbatin da ke kai ta rufta damina huɗu ke nan. Tun daga lokacin, duk safiyar da aka kwana ana ruwa sai ka tarar da yara sun yi cirko-cirko a bakin kwarin, sun tuɓe takalma, jaka a ka, manyan sun goya ƙannensu. 'Yan aji ɗaya da aji biyu kuwa iyaye mata ba sa barin su fita sam, kuma ban ga laifinsu ba. Wata safiya na tsaya a wurin da lema ina miƙa wa yara hannu, sai ruwa ya fizge wa wata yarinya silifa ɗaya, ba za ta wuce shekara bakwai ba. Ta tsaya a tsallake da ƙafa ɗaya cikin laka tana kuka, tana tunanin abin da za ta faɗa a gida. Mai naƙuda kuma idan dare ya yi, sai ɗan adaidaita ya zagaya da ita ta bayan kasuwa kafin a kai asibitin sha-ka-tafi.

Mu dattawan unguwa muka rubuta takarda, mai unguwa ya sa hannu, liman ya sa hannu, muka kai wa kansilanmu na wancan lokaci. Yaron kirki ne, ya karɓe mu da ladabi, ya ce, "Malam, wallahi na faɗa wa ciyaman, ya ce a ɗan ƙara haƙuri." Na ce masa, "Madalla. To yaushe majalisarku za ta zauna, mu zo mu ji ka gabatar da ita a gaban 'yan'uwanka?" Sai ya sunkuyar da kai. Can ya ce a ƙa'ida dai ranar Talata ce ranar zama.

Talata na zagayowa muka nufi sakatariya mu uku. Ɗakin majalisa a kulle. Wani dattijon masinja ya ji tausayinmu, ya nemo makulli ya buɗe mana. Kujeru a kife bisa tebur, ƙura ta lulluɓe su, gizo-gizo ya yi saƙa a jikin fanka, an jibge buhunan taki a kusurwa ana jiran ranar rabo. Na tambaye shi yaushe rabon da a zauna a nan. Ya yi shiru yana lissafi, sannan ya ce tun ranar da aka kawo kasafin kuɗi, kuma ranar ma ko awa guda ba a yi ba aka tashi. Na ce to sauran zaman fa? Ya ce akwai rajista, zagayawa ake yi da ita ana sa hannu.

Daren nan ban runtsa da wuri ba. Kwalbati dai siminti ce da rodi, ko ba jima ko ba daɗe za a yi ta. Abin da ya tokare mini ƙirji shi ne ɗakin nan. Wurin da doka ta keɓe domin a faɗi kukan mazaɓata da sunanta, a rubuta shi a littafi, a ɗaga hannu a ƙirga, shi ne ya koma sito. Kansilanmu bai da inda zai kai takardarmu sai ƙofar ofishin ciyaman, ya bi layin masu neman alfarma kamar kowa. Wannan ɗakin nake roƙon ku buɗe, shi ne duka abin da ya sa na ɗauki biro.

'Ya'yana, kujerar da kuke kai ba a arha aka same ta ba. Mu da muka taso a ƙarshen zamanin En'e, wato hukumar gargajiya da sarakuna ke jagoranta, mun ga iyayenmu suna biyan haraji da jangali, wanda ya kasa a tisa ƙeyarsa, ba kuma wanda ya isa ya tambayi inda kuɗin ke shiga. 'Yan jam'iyyar NEPU sun sha ɗauri da duka a kan neman talaka ya samu bakin magana a harkar garinsa. Gyaran 1976, zamanin Janar Obasanjo, shi ya ƙarasa kawar da tsarin En'e, ya kawo ƙananan hukumomi iri ɗaya a duk faɗin ƙasar nan, guda 301 a lokacin, yau kuma 774. A 1991, zamanin Janar Babangida, aka raba aikin gida biyu: ciyaman ya riƙe zartarwa, zaɓaɓɓun kansiloli su zama majalisa mai yin doka da sa ido. Da aka zo tsarin mulkin 1999, sashe na 7 ya tabbatar da cewa zaɓaɓɓun majalisu ne za su tafiyar da ƙananan hukumomi, ya bar wa majalisar dokokin jiha ta fayyace tsarin. Ku lura da kalmar, majalisa aka ce. Mutum ɗaya ba ya zama majalisa komai girman rawaninsa.

Ina roƙon kowannenku ya nemi kundin tsarin mulkin ya buɗe Jadawali na Huɗu, karatun minti goma ne. A nan aka jera aikin ƙaramar hukuma: kasuwanni da tashoshin mota da mayanka da maƙabartu da banɗakunan jama'a, tituna da fitilunsu da magudanan ruwa, kwashe shara, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, lasisin keke da amalanke da baro da kwalekwale, sa wa tituna suna da gidaje lamba. Sannan ta sa hannu tare da jiha a ilimin firamare da yaƙi da jahilci da harkar noma da kiwon lafiya. Babu ɗaya a cikin jerin nan da talaka ba ya cin karo da shi kafin rana ta faɗi. Kwalbatinmu ma tana ciki, tsakanin tituna da magudanan ruwa. Ashe ba alfarma muka je nema ba.

To ta ina kansila zai taɓa waɗannan abubuwa, alhali ba shi ke sa hannu a cak ba, ba shi ke ba da kwangila ba? Ta kasafin kuɗi. A nan ƙarfinku yake, kuma a nan aka fi yi muku wayo. Ciyaman shi ke tsara kasafi ya kawo, amma sai kun amince zai zama abin aiki. Takarda mai kauri irin wannan ba a karanta ta cikin awa guda, ballantana a amince. Idan aka kawo ta ranar Litinin aka ce ana so ranar Talata saboda gaggawa, ku ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ku miƙa ta ga kwamitin kuɗi, kowa ya tafi gida da kwafinsa, a kira ma'aji da shugabannin sassa su zo su zauna a gabanku su amsa tambaya.

Tambayoyin kuwa ba sa buƙatar digiri. Duk wanda ya taɓa sayar da hatsi a kasuwa ya iya su. An rubuta miliyoyi a gaban "gyaran rijiyoyin burtsatse": waɗanne rijiyoyi, a wace mazaɓa, guda nawa, nawa kowace? An rubuta "gina azuzuwa": a wace makaranta? Layin da ba shi da sunan gari, kuɗinsa ba ya isa kowane gari. Ku ɗauko kasafin bara ku ajiye gefe da na bana, ku bi da yatsa. Idan aikin da aka ware wa kuɗi bara ya sake bayyana bana da suna ɗaya, ku tambaya ko an yi shi, in ba a yi ba ina kuɗin suka kwana. Ku auna abin da aka ware wa tafiye-tafiye da karɓar baƙi da abin da aka ware wa magani a ƙananan asibitoci. Ku dubi kuɗin shiga ma, ba kashewa kaɗai ba. Kasuwarmu tana ci duk mako, rumfuna cike, motoci na lodi har dare, ana yanka wa kowa rasit tun daga mai tireda har mai tallan gyaɗa. Ku je ranar kasuwa ku zauna ku ƙirga da idonku, sannan ku dubi abin da aka ce ya shiga asusu a watan. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

A mazaɓarmu akwai wata tuƙa-tuƙa da aka yi wa fenti sau uku a iya sanina, kowane karo da sabon allo a gefenta. Ruwa kuwa rabon da ya fito daga bakinta tun jikana na fari yana rarrafe, yanzu yana aji huɗu. Da a ce kwamitin ayyuka ya taɓa zuwa sau ɗaya ya kama hannunta ya tuƙa, da allo na biyu bai hau ba.

Wannan shi ne amfanin kwamiti, kuma shi ne aikin da na fi jin ana rainawa. Zauren majalisa wurin yanke hukunci ne, amma a kwamiti ake gano gaskiya, domin mutum uku ko huɗu za su iya hawa babur su je su gani. Kwamitin lafiya ya faɗa ƙaramin asibiti da ƙarfe takwas na safe ba tare da sanarwa ba, ya ga wa ya zo aiki, ya buɗe firij ɗin allurar rigakafi ya taɓa ya ji ko da sanyi, ya tambayi matan da ke zaune a benci nawa aka karɓa a hannunsu. Kwamitin ilimi ya karɓi jerin sunayen malaman da ake biya albashi, ya shiga makaranta ya kira suna ɗaya ɗaya. Na yi hedimasta, na san yadda ake turo maka sunan da ba ka taɓa ganin fuskar mai shi ba, na kuma san cewa hedimasta shi kaɗai ba zai iya ɗaga murya ba, amma idan kwamiti ya zo ya tambaya a hukumance, ya samu mafaka ya faɗi gaskiya. Bayan an dawo kuma a rubuta rahoto, a karanta shi a zaure, akawun majalisa ya shigar a littafi. Maganar da aka yi a bakin mota iska ke ɗauke ta. Wadda ta shiga littafi, odita zai iya tarar da ita ko bayan kun sauka.

Bari in ba ku labarin wani kansila da na sani a farkon shekarun 1990, Allah Ya ji ƙansa. Tela ne, karatunsa na boko bai wuce ajin yaƙi da jahilci ba. Aka ba da kwangilar azuzuwa biyu a makarantar da nake koyarwa, shi kuma yana kwamitin ayyuka. Wata ranar Laraba ya zo da tef ɗinsa na awon riga rataye a wuya, ya auna ginin tsawo da faɗi, ya rubuta da ajami a bayan kwalin ashana da ya warware. Sannan ya ɗauki bulo ɗaya daga cikin waɗanda aka jera, ya murza gefensa da babban yatsa, sai ya zube kamar garin rogo. Bai yi faɗa da magina ba. Ya sa bulon a buhu ya ɗaure a bayan kekensa. Ranar zama ya ɗora shi a kan teburin majalisa, ya ce kowa ya taɓa, ya kuma nemi a rubuta cewa kwamiti bai yarda a biya sauran kuɗin ba sai an rushe an sake. An kai masa goro gida da dare ya mayar, an tura masa manya ya ba su haƙuri. Aka rushe aka sake. Azuzuwan nan biyu suna tsaye har yau, waɗanda aka gina bayansu da shekara goma iska ta daɗe da yaye su. Ɗayanku a ciki ya yi aji uku, shi ya san kansa.

Ku kuma bambance tsakaninku da kansiloli masu gafaka. Su naɗa su aka yi domin su taya ciyaman kula da sassa, 'yan ɓangarensa ne. Ku jama'a suka zaɓa. Su ne za su zo gabanku su yi bayani, ba ku ne za ku riƙa bin su a baya kuna roƙon a sa sunan ƙauyenku ba.

Na san amsar da ke bakinku, domin biyun da na fara samu ita suka ba ni: "Malam, kuɗin ne ba ya zuwa. Me za mu sa wa ido?" Ban ƙaryata ku ba. Kashi 20.6 cikin ɗari na asusun tarayya rabon ƙananan hukumomi ne, amma sashe na 162 na tsarin mulki ya samar da asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, kuma shekara da shekaru a can kuɗin ke maƙalewa a jihohi da dama, a cire wannan a cire wancan, abin da ya iso ƙasa da ƙyar ya biya albashi. Gwamnoni kuma suka saba da rushe zaɓaɓɓu su naɗa kantomomi. A kan haka ne Ministan Shari'a Lateef Fagbemi ya kai gwamnoni 36 gaban Kotun Ƙoli, ranar 11 ga Yuli 2024 kuma kotun ta yanke hukunci, Mai Shari'a Emmanuel Agim ya karanta: a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, gwamna ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓiyar majalisa, kuma kada a ba kantomomi kuɗin tarayya. Aiwatar da hukuncin ya yi ta tafiyar hawainiya, wannan kowa ya sani.

Amma ko a haka akwai abin tambaya. Abin da aka ware wa kowace ƙaramar hukuma duk wata ana wallafa shi a intanet, wayar da ke aljihunku ta isa ta nuna muku. Ku sa ma'aji ya zo zaure ya faɗi nawa aka ce namu ne, nawa ya iso, me aka cire, da sunan me. Ko ba ku iya dawo da kwabo ba, a rubuta. Majalisar da ta rubuta giɓin nan wata goma sha biyu a jere ta tara hujjar da ba wanda zai share ta da baki. Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023 adadin nairorin da ake rabawa ya ƙaru sosai, talakan da ke biyan kuɗin mota ninki uku yana da haƙƙin sanin inda rabonsa ya tsaya.

Ga kuma abin da ke ba ni tsoro, kuma ina faɗa ne a matsayin wanda ya ɗanɗana. A 1991 an rushe hukumar ilimin firamare ta ƙasa, aka damƙa albashin malamai a hannun ƙananan hukumomi kai tsaye. Mun ga tasku. Wata ya ƙare, wani ya bi bayansa, ba albashi, malami ya ci bashin hatsi har mai shago ya fara kawar da kai idan ya hango shi. Yajin aiki ya yi yawa har sai da aka dawo da hukumar a 1993. Kuɗi kam sun sauko ƙasa a wancan lokaci, abin da ya yi ƙaranci shi ne masu tambaya irin telan nan. Don haka idan gobe kuɗin nan ya fara faɗowa kai tsaye cikin asusun da mutum biyu ko uku ke sa wa hannu, ɗakin majalisa kuma yana cike da buhunan taki, to an yi gudun gara ne an faɗa gidan zago. 'Yancin da kotu ta bayar na ƙaramar hukuma ne gaba ɗayanta, kuma ku ne idon jama'a a cikinta.

Ban manta da halin da kuke ciki ba. Na san yadda tikiti ke fitowa, na san kowannenku akwai wanda ya tsaya masa, na kuma san a yawancin jihohi jam'iyyar da ke mulki ita ke kwashe kujerun ƙananan hukumomi kusan duka, ta yadda ciyaman da kansiloli duk 'yan gida ɗaya ne. A irin wannan zama, wanda ya yi tambaya sai a ce ya yi wa jam'iyya zagon ƙasa, a janye masa alawus, a daina ɗaga wayarsa. Abin da ciwo, ba na raina shi. Amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ciyaman mai hankali ya san majalisar da ke tambayarsa yau ita ke kare shi ranar da masu bincike za su zo da fayil. Kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: mutum ɗaya ake iya warewa, idan shida ko bakwai suka yi tambaya ɗaya da murya ɗaya cikin ladabi, dole a amsa. In kuma an rinjaye ka a ƙuri'a, ba abin kunya ba ne. Ka ce wa akawu ya rubuta cewa kansilan mazaɓa kaza bai amince ba, ga dalilinsa. Wannan layin guda ɗaya shi za ka nuna mana ranar da muka tambaye ka.

Akwai wata hanyar kuma da nake roƙon ku guje ta kamar yadda za ku guji zama 'yan amshin shata. Mun sha ganin kansiloli sun yi shekara shiru, rana ɗaya sai a ji sun taru a otal sun sa hannu a takardar tsige ciyaman, bayan kwana uku a ji an sasanta, kowa ya fito da sabon babur. Jama'a ba yara ba ne, sun san me aka sasanta. Duk wanda ya mayar da ikon bincike abin ciniki ya kashe shi, domin gobe ko gaskiya ya ɗauko za a ce farashi yake nema.

Yanzu in juyo kanmu, mu masu zaɓe, domin ba zan ɗora muku kaya in bar namu a ƙasa ba. Na bi ta ƙofar gidan ɗayanku bayan sallar asuba makon jiya, na ƙirga mutum goma sha ɗaya a kan dakali. Wannan da takardar magani, wancan matarsa ta haihu ba ragon suna, wani kuɗin jarrabawar ɗansa, wani kuwa ya zo gaisuwa ne kawai yana jiran na koko. Ba na zargin mabuƙaci, yunwa ba ta da kara, kuma taimako halinmu ne na addini da al'ada. Amma albashin kansila ko an ninka shi goma ba zai ɗauki mazaɓa ba. Idan muka auna shi da abin da ya zaro daga aljihu kaɗai, mu da kanmu muka tura shi ya je ya durƙusa wa mai riƙe da asusu, wanda ya durƙusa da safe kuwa ba zai miƙe da rana ya nemi a kawo masa bauca ba. Mutum goma sha ɗayan nan, aƙalla huɗu magani ya kawo su. Da kwamitin lafiya yana aiki, asibitin mazaɓar yana da magani, da huɗun nan suna gida suna barci. Ina roƙon 'yan'uwana dattawa da limamai da shugabannin matasa, idan muka haɗu da kansila mu ƙara masa da wata tambayar: yaushe kuka zauna, me ka faɗa, me aka yanke?

Domin mu iya yin tambayar kuwa, sai kun buɗe mana ƙofa. Ku tsayar da ranar zama, ku liƙa ta a ƙofar sakatariya, a faɗa a masallatan Juma'a, a tura a zaurukan WhatsApp na unguwanni. A ajiye benci biyu a baya domin duk mai son saurare. Idan kasafi ya wuce, a taƙaita ayyukan kowace mazaɓa cikin Hausa, da boko da ajami, a manna a ƙofar mai unguwa da bakin kasuwa, mu san abin da za mu zuba wa ido. Kafin lokacin kasafi kuma kowannenku ya tara mutanen mazaɓarsa a filin makaranta ya ji abin da suka fi so a fara da shi, tunda mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A nan ina da wani tuni: na dubi hoton rantsuwarku, babu mace ko ɗaya a cikinku. Su ne kuwa masu ɗebo ruwan, su ne masu zaman layin asibitin, su ne suka fi yawa a layin zaɓen. Ku nemi ungozoma da malaman Islamiyyar matan aure da shugabannin adashi, ku zauna da su daban, za su gaya muku abin da mu maza ba mu sani ba game da rijiya da ɗakin haihuwa.

Takardar kwalbatinmu mun sake rubuta ta da sabon kwanan wata, mai unguwa da liman sun sake sa hannu, na damƙa ta a hannun sabon kansilanmu shekaranjiya, na ce masa a zaure nake so ya karanta ta, a miƙa wa kwamitin ayyuka su zo su ga kwarin da idonsu. Cikin mu ukun da muka je sakatariya wancan karon, ɗaya Allah Ya yi masa rasuwa bara, Allah Ya gafarta masa. Mu biyun da muka rage za mu zo Talata ta farko a watan gobe da ƙarfe goma, in Allah Ya kai mu. Za mu zauna a baya, ba za mu ce uffan ba. Ina roƙon a sa a kwashe buhunan kafin ranar, domin saura wata biyar damina ta faɗi.

Wassalam.

Naku,
Tsohon hedimasta mai ritaya,
daga ɗaya daga cikin mazaɓunku.